Wa ya cancanci ya koyar da tuƙin jirgin rimot a filinmu?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna tun kafin masu hutun makaranta su cika mana fili. Masu son koyon tuƙa jirgin rimot sun ƙaru, wasu yara ne da iyayensu ke kawowa, wasu magidanta ne da suka tara kuɗi suka sayi jirgi. Yadda muke yi yanzu, duk wanda aka tarar a fili ya iya tashi da sauka, shi ake haɗawa da sabon zuwa. Wannan bai kwanta min ba. Wa ya cancanci mu kira shi mai koyarwa? Me za mu duba a tare da shi kafin mu danƙa masa ɗan mutane da jirgin mutane?

Gwanin Sama:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban ga abin wahala a nan ba. A zaɓi mutum uku da suka fi kowa hannu. Wanda ke iya kifa jirgi ya tuƙa shi ciki a sama, ya tsayar da shi a kan jela, shi ne zai iya ceto jirgin ɗalibi idan ya doshi ƙasa. Koyarwa ai nunawa ce, wanda ya fi iyawa shi ya fi nunawa.

Injiniya Mai Farfela:
Ɗana, iya tuƙi dole ne, ba mai musun wannan. Amma koyarwa wani abu ne daban. Matsalar gwani ita ce hannunsa ya riga bakinsa. Zai gyara jirgi a sama kafin shi kansa ya san ya gyara, in ka tambaye shi me ya yi sai ya ce "ai haka ake yi." Ɗalibi kuwa ba zai shiga cikin yatsunka ya gani ba, abin da ka faɗa masa shi zai kama.

Ga abin da ke kayar da yawancin sababbi. Idan jirgi ya ba ka baya yana tafiya, damarka ita ce damarsa. Da zarar ya juyo ya fuskanto ka sai lissafi ya birkice, ka tura sandar rimot dama ka ga ya karkata hagunka. Gwani ya daɗe da manta cewa wannan ya taɓa ba shi wuya. Mai koyarwa na ƙwarai yana da maganar da zai faɗa a daidai wannan lokacin: in jirgi ya fuskanto ka, tura sandar ɓangaren fiffiken da ya yi ƙasa, ka tokare shi da ita. Shi ke nan, yaro ya samu abin riƙewa. Kuma tun suna ƙasa ya sanar da ɗalibi cewa duk sanda ya ce "dama" ko "hagu", sandar rimot yake nufi, ba jirgin ba. Wanda ba shi da irin waɗannan kalmomi a bakinsa, ko da jirgi yake rubuta sunansa a sama, ba zan ba shi jikana ba.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Baba Injiniya ya faɗi gaskiya. Bari in kawo yadda ake yi a nan inda nake, ko za mu tsinci wani abu. Ƙungiyar masu wannan harka a Birtaniya, BMFA, tushenta tun 1922 ne, kuma tana da jarrabawa mataki-mataki. Ta farko ita ce takardar A, wadda yawancin kulob ke nema kafin su bar mutum ya tashi jirgi shi kaɗai. Babu wasan gwaninta a cikinta ko ɗaya. Za ka duba jirginka a ƙasa a gaban mai jarrabawa, ka tashi, ka zaga fili, ka zana siffar lamba takwas ba tare da jirgin yana hawa da sauka ba, ka yi zagaye mai kusurwa huɗu ka sauka inda aka ce, ka sake zagawa ta ɗaya hannun. Daga nan sai a ce ka sauke totur ƙasa daga wajen ƙafa 200, ka kawo jirgin ƙasa tamkar inji ya mutu. In an gama a yi maka tambayoyi kan ƙa'idojin kiyaye haɗari. Takardar B ita ce ta gaba, mai juye-juye a sama.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, matsayin mai koyarwa daban yake da waɗannan takardu. Samun B bai mai da kai malami ba. Koyarwar kanta ake duba ka a kai. A Amurka ma ƙungiyarsu AMA, wadda aka kafa a 1936 mai hedikwata a Muncie ta jihar Indiana, tana da tsarin da kulob ke ware wasu mutane takamaimai su riƙa karɓar sababbi.

Gwanin Sama:
To na ji. Amma su can suna da shago a bayan gida. Mu nan fiffike ɗaya in ya karye sai ka jira kaya daga waje, ga dala yadda take. Shi ya sa nake cewa a ba mai saurin hannu. Ni in ina koyarwa da rimot biyu a haɗe, da na ga jirgi ya fara karkacewa nake karɓewa. Ban taɓa bari jirgin ɗalibi ya taɓa ƙasa ba.

Sabon Shiga:
Don Allah ku bar ni in sa baki ko da yake ni ƙarami ne a harkar. Yaya Gwani, abin da ka faɗa ɗin nan shi ya kusa sa ni sayar da jirgina. A wani fili na fara koyo kafin in zo nan, ba sai na faɗi wurin ba. Wanda ke koya min ya iya tuƙi ƙwarai. Amma da na taɓa sanda jirgi ya ɗan sunkuya sai in ji rimot ɗina ya mutu a hannuna, ya karɓe, kuma ba ya faɗa. Wani lokaci ina ta murza sanda ina jin daɗi wai jirgi na bin umarnina, ashe tun ɗazu shi ke tuƙi. Sauran cajin batir kuma sai ya ƙarar da shi yana wulwula jirgina a sama mutane na tafi. Na koma gida jirgi lafiya lau, ni kuma ban san abin da na yi daidai da wanda na yi kuskure ba.

Injiniya Mai Farfela:
Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda maganar take. Duk wanda ke son sanin malami, ya tsaya bayansa ya kalli yatsan da ke kan maɓallin miƙa tuƙi.

Ga waɗanda ba su sani ba, rimot ɗin malami shi ke magana da jirgi, na ɗalibi an haɗa shi da na malami ne, ko da waya ko ba waya. Muddin malami ya danne maɓallin nan, tuƙi na hannun ɗalibi. Ya saki, ya dawo hannunsa nan take. To duk koyarwar tana cikin sanin yaushe za a saki. Ka yi saurin saki, ɗalibi bai koyi fitar da kansa daga kuskure ba, kuma ranar da zai tashi shi kaɗai ita ce ranar farko da zai ga jirgi ya kifa hanci ba mai ceto. Ka yi jinkiri, a kwashi tarkace.

Maganin ba saurin hannu ba ne, nisa ne daga ƙasa. Tsofaffin wannan harka suna cewa a kai ɗalibi sama tsayin kuskure uku, wato inda zai yi kuskure, ya yi wani wajen gyara na farko, ya ƙara na uku, har yanzu akwai sararin da malami zai karɓa. A can sama sai ka bar shi. Jirgi ya karkata ya fara gangarowa, kai kuma baki kawai za ka sa: "Miƙe fiffike tukuna. Yauwa. Yanzu ja hanci a hankali." Domin abin da sabo ke yi in ya tsorata shi ne ya finciko sandar ɗaga hanci alhali jirgi na karkace, wannan kuwa ƙara matse shi yake cikin juyawa, ya dinga wulwulowa ƙasa. Sai ya ji wannan a yatsansa, ya fita da kansa, sannan zai zauna masa.

Batun karɓewa a ɓoye kuwa, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Dole a ji murya. "Na ba ka." Ɗalibi ya amsa, "Na karɓa." In za ka ƙwace, ka ce "Na karɓe," da ƙarfi, sannan in jirgi ya daidaita ka gaya masa dalili cikin jimla ɗaya. Kada a taɓa samun daƙiƙar da mutum biyu ke tsaye kowa na zaton ɗayan ne ke tuƙi.

Gwanin Sama:
Baba, na yarda da kiran murya. Amma wajen sauka fa? Ai can babu tsayin kuskure uku, ko rabin ɗaya babu.

Injiniya Mai Farfela:
Tambaya mai kyau. Shi ya sa ba a fara sauka a ƙasa. A sama ake koyonta. Ka sa shi ya jera jirgi da layin fili yana fuskantar iska, ya rage totur, ya wuce ta gabanku a sama, ya ƙara wuta ya sake zagayowa. Kowane zagaye ku ɗan rage tsayi. Ka kuma kai shi can sama ka sa ya rage gudu yana ɗaga hanci har fiffike ya daina ɗaukar jirgin ya saki, don ya san alamun kafin abin ya same shi kusa da ƙasa. Kuma ya koyi fasa sauka kafin ya koyi sauka. Ɗalibin da ya san cewa ƙara wuta a sake zagayowa ba abin kunya ba ne, ya tsira daga yawancin karyewar da muke gani. A nan kam na yarda da kai, wajen sauka yatsan malami ya zama a shirye, kuma saurin hannunka zai yi amfani.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ni ba na tuƙi, ɗana nake kawowa, shekararsa 13. Kun yi ta maganar jirgi, ni ta yaron zan yi. Na farko, malamin da zai daka wa yaro tsawa a gaban mutane don ya yi kuskure, ba na so, ko shi ne ya fi kowa iyawa. Yaron da aka kunyata hannunsa rawa yake, kuma ba zai sake tambaya ba. Na biyu, ina so a sa doka cewa ba a koyar da ƙaramin yaro sai wani nasa na wurin, kuma malami ba ya kiran yaro a waya shi kaɗai, ta hannun iyaye za a bi. Wannan kariya ce ga yaran da malaman duka. Na uku, farfelar nan tana ba ni tsoro. Na ga yadda yara ke sunkuyawa a gabanta suna saka batir.

Abban Khalifa:
Hajiya, na biyun nan ba ma sai an yi muhawara ba, daga yau ya zama doka. Mun gode.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Tsoron Hajiya yana kan hanya. Jirgin lantarki ya fi na mai yaudara, don na mai kana jin ƙararsa ka san yana raye, na lantarki kuwa shiru yake har sai an taɓa totur, kuma farfelarsa na yanka yatsa har ƙashi. A nan ne ake gane malamin da ya san aikinsa, tun kafin a tashi. Rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, makullin inji a rufe, sannan a haɗa batir daga bayan farfela. In an sauka batir ake fara cirewa kafin a kashe rimot. In za a yi saiti a kan tebur a cire farfelar gaba ɗaya.

Sannan ya sa ɗalibi ya yi dubawar da hannunsa, ba shi ya yi masa ba. A ɗora jirgi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike a ga inda nauyinsa ya daidaita, yawanci wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gaban fiffiken, sai dai a bi abin da takardar jirgin ta ce. Jirgin da nauyi ya rinjaya baya ba ya tuƙuwa ko a hannun gwani. A tsaya bayan jirgi a tura sanda dama a tabbatar ƙaramin fiffiken nan mai motsi da ke bayan fiffiken dama ne ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ba motsi kawai ake dubawa ba, ɓangaren da ya motsa ake dubawa. A gwada nisan rimot, a kuma gwada cewa in sigina ta ɗauke inji zai tsaya. Ɗalibi yana kwaikwayon abin da ya ga malami na yi ne a ranar da malamin ke sauri.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Nijar. Ƙari kan maganar ɗan'uwa na Ingila. Rimot ɗin da aka kawo min daga Faransa totur ɗinsa a sandar dama yake, tsarin da ake kira na ɗaya. Naku da yawa a hagu yake, tsari na biyu. Malami ya tambayi ɗalibi wane iri ne a hannunsa, kada ya ce "hannun hagu" alhali abin na dama. Haka kuma jerin tashoshi, wato hanyoyin da rimot ke aika kowane umarni ta cikinsu, ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Spektrum totur ne a tasha ta farko, FlySky da Futaba kuwa a ta uku yake. In an haɗa rimot biyu, a gwada kowace sanda ta ɗalibi a ƙasa, a kuma daidaita saitinsu, don kada a miƙa tuƙi a sama jirgi ya zabura.

Sai batir. Zafinmu ba irin na Turai ba ne. Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa jiragen nan, ɗaki-ɗaki ne a cikinsa, cikarsa volt 4.2 ne kowane ɗaki, in za a ajiye shi a bar shi wajen 3.8. Wanda ya kumbura an gama da shi. Malamin da ke barin batir a but ɗin mota da rana tsaka, ko ya sa caji ya tafi sallah ya bar shi ba kowa, ɗalibansa ma haka za su yi a ɗakin uwarsu.

Gwanin Sama:
Duk na ji, amma ku bar ni in kawo wata. Zamani ya canza. Yanzu akwai manhajar gwaji a kwamfuta, RealFlight, ko PicaSim wadda ita kyauta ake samunta, mutum ya faɗi sau ɗari ba asara. Ga jirage irin Apprentice mai fiffike mita ɗaya da rabi, da ka saki sanda yake miƙewa da kansa, har da maɓallin ceto. Anya ba mu ɗora wa malami nauyin da na'ura ta riga ta sauke ba?

Injiniya Mai Farfela:
Manhajar gwaji ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, musamman don matsalar hagu da dama da na faɗa. Malami nagari ma aikin gida zai riƙa bayarwa a kanta. Amma ba ta koya maka rawar gwiwa, ba ta koya maka rana ta shiga idonka, kuma ba ta san hazon hunturu ba. Farin jirgi in ya yi nisa cikin hazo ɓacewa yake, ka kasa sanin ya ba ka baya ne ko ya fuskanto ka. Malami ne zai ce yau a manna jan tef a ƙarƙashin fiffike, a tashi kusa, ko ma yau ba za a tashi ba, a dawo gobe da sassafe kafin iska ta taso. Iya cewa "yau a haƙura" ga mutumin da ya biya kuɗin mota ya zo, yana cikin abin da nake nema a wurin mai koyarwa.

Na'urar daidaita jirgi kuwa tana da amfani a ranakun farko, amma tana dasa wata ɗabi'a. A matakin sababbi tana taƙaita karkatar jirgi, don haka ɗalibi yakan saba da danne sanda gefe har ya gama kwana. Ranar da aka kashe ta ya yi haka, jirgin ci gaba zai yi da mirginawa har ya kife. Aikin malami ne ya yaye shi daga ita da wuri, a can sama, da rimot biyu.

Sabon Shiga:
Wallahi wannan danne sandar ina yin sa. Yanzu na gane dalili.

Maman Ilham:
Tambaya ɗaya, za a riƙa biyan malaman ne?

Ɗan Zazzau a Ingila:
A kulob ɗinmu sa kai ne, ba a biya. Amma ku ku san yanayinku.

Abban Khalifa:
Ra'ayina kada kuɗi ya shiga tsakanin malami da ɗalibi kai tsaye, don wanda ake biya duk tashi ba zai yi gaggawar yaye ɗalibi ba. In za a taimaka da kuɗin mai, a sa a asusun ƙungiya. Za mu yi wannan maganar daban.

Akwai abin da ba a taɓo ba, doka. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi a Najeriya sai da izininta da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin tsaron da ake ciki, wanda zai koyar dole ya san wannan, ya kuma gaya wa ɗalibi tun ranar farko cewa ba a kusantar filin jirgin sama, ko barikin soja, ko saman taron jama'a. A Amurka ƙa'idar masu yi don nishaɗi ita ce kada a wuce tsayin ƙafa 400, kusan mita 120, kuma tun 2021 sai sun ci wata gajeriyar jarrabawa ta intanet mai suna TRUST. Mu ma mu riƙe wannan tsayin a filinmu.

Ga shawarata kan gwaji. Duk mai son koyarwa ya fara yin abubuwan takardar A da ɗan'uwa ya lissafa, a gaban mutum biyu. In ya wuce, Baba Injiniya ya riƙe rimot ɗin ɗalibi ya zama sabon shiga, ya yi kuskuren da ya ga dama ba tare da ya sanar ba, mu kuma mu tsaya baya mu saurari abin da mai neman zai faɗa da lokacin da zai karɓe.

Injiniya Mai Farfela:
Na amince. A ƙara da cewa zan kawo jirgin da na juya masa wani abu da gangan, in ga ko za a gano a ƙasa. Wanda ya ce a tashi bai gano ba, zan tsayar da shi, ya dawo wani makon. Kuma kowane ɗalibi a buɗe masa kati a rubuta inda ya tsaya, don in malaminsa bai zo ba wani ya ɗora daga nan.

Gwanin Sama:
A sa sunana na farko. Amma Baba, har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. In jirgin ɗalibi ne da ya tara kuɗin wata da watanni ya saya, zan karɓe da wuri fiye da yadda kake so. In ana son in bar shi ya yi kuskure uku, ƙungiya ta sayi jirgin koyo nata na kumfa wanda in ya karye za a liƙe.

Na Maraɗi:
Wannan magana ce. Ina da tsohon rimot FlySky da ba na amfani da shi, zan ba direba ya kawo Kano in za a yi jirgin ƙungiya.

Abban Khalifa:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Gwajin farko Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe. Wanda ke da wayar haɗa rimot biyu ya taho da ita, tawa bakinta ya lalace. Hajiya, ki turo min lambar mahaifin yaron ta akwatin sirri don mu sa shi cikin jerin iyaye.